Tele Ne ko Idona?

Kamfanin da nake biya kuɗin kallo ya cuce ni, kuma ban yafe ba. Ba su zo gidana ba, ba su yi sallama ba. Daga can inda suke zaune suka miƙo hannu ta sama suka dagula mini hoton tele, wato talabijin, suka bar ni ina kwana ina tashi da tunanin makanta.

Bari in faɗi yadda aka yi, don wanda bai san ni ba zai ce tsohuwa ce ta rasa abin faɗa.

Ni ban shiga lakwal, wato makarantar boko, ina yarinya ba. Sai da na aurar da 'yata ta fari, furfura ta fara leƙowa ta gefen kallabi, sannan na shiga ajin yaƙi da jahilci da ake yi wa mata bayan la'asar a unguwarmu, nan Matameye. An yi mini dariya, na shanye. Da na iya karatu kuwa, sai na zama kamar akuyar da aka kwance daga turke. Buhun shinkafa in karanta, bayan mota in karanta, kwalin magani ko ba nawa ba in karanta.

Amma inda na fi cin moriyarsa a tele ne. A tashar Hausa da muke kamawa akwai wani layin rubutu da ke gudu a ƙasan hoto, yana ba da labarin garuruwan Najeriya. Maigidana da ɗana kowane rani suna Ikko, can Najeriya, suna sayar da shayi a bakin wata tasha, sai damina ta matso su dawo gona. In gobara ta tashi a wata kasuwa, ko an kori masu sana'a daga gefen titi, ni nake fara sani a layinmu, da idona, ba ji-ta-ji-ta ba. Matan maƙwabta duk mazansu na can. Bayan isha'i sai su cika mini ɗaki, in zuba musu gyaɗa a faifai, su ce, "To Malama, ja mana baƙi." Tsokana ce, amma ina jin daɗinta.

Sai aka yi mana rasuwa a Dungu, na je gaisuwa na kwana. Da na dawo, daren nan na kunna tele kamar kullum. Fuskokin mutane suka fito kamar ana kallonsu ta cikin ƙasari. Mai karanta labarai ya sa baƙar riga, rigar ta haɗe da bangon bayansa, sai kai kawai yana motsi. Rubutun ƙasa kuwa ya sirance kamar ƙafar tururuwa, kowane harafi da inuwarsa a gefe.

Na sa bakin zane na goge gilashin. Ba canji. Na goge idona. Ba canji.

Matar ɗana tana zaune a bakin ƙofa, yarinya ce mai kunya, ba ta daɗe da tarewa ba. Na ce, "Ke, kina gani sosai?"

Ta sunkuyar da kai. "Ina gani, Inna."

Da mata suka taru, na tambayi matar mahauci, wadda katanga ɗaya ta raba mu. Na yi kamar da wasa. "Ƙawata, yau hoton nan ya fita kuwa?"

"Ras, Yaya. Me kika gani?"

"Ba komai."

Sauran ma suka ce ras. Ɗaki cike da idanu, kowa na gani ras, ni kaɗai nake ganin dishi-dishi. Gabana ya faɗi.

Mahaifiyata ta makance kafin ta kai shekaruna na yanzu. Da dundumi abin ya fara mata. Da rana tana tsince tsakuwa a wake, amma da magariba ta yi sai ta ci karo da turmi. Daga baya yana ta rufe idon duka. Mace ce da in ta ɗaga murya a tsakar gida kaji ma sai sun watse, ta koma mai zama a bakin ɗaki tana cewa, "Wa ke nan?" Kafaɗata ta dafa shekara da shekaru tana zuwa bayan gida. Don haka ganin da nake yi sarai da rana bai kwantar mini da hankali ba. Ita ma haka ta fara.

Na shiga gwada kaina a ɓoye. In ba kowa, sai in tsaya gaban tele in rufe ido ɗaya da tafin hannu, in duba, in sake rufe ɗayan. Duk hazo. Na sayi maganin ɗigawa wurin mai yawo da magani a kai, na ƙara kwalli, na daina tsayawa kan hayaƙin murhu. Abin da ya fi ci mini rai shi ne karatun. A ce mutum ya yi rabin rayuwarsa yana kallon rubutu kamar zanen kaza, sai da ya samu, ya ɗanɗana, sannan a ce kawo? Ina kan sallaya ina lissafin abin da ban karanta ba tukuna.

In mata suka ce in ja musu baƙi, sai in hau su da faɗa. "Ku ba Allah ya ba ku kunne ba? Ku saurari mutumin mana." Sai su dubi juna.

Maigida ya bugo waya ran nan. Muka gaisa, ya tambayi awaki, ya tambayi rumbu. Can ya ce, "Muryarki ba daidai take ba."

"Mura ce, Malam."

Maganar ta zo mini har bakin leɓe, na haɗiye. Na san shi. In na faɗa, zai naɗe teburin shayi a tsakiyar rani ya kamo hanya, kuma hatsin da ke rumbunmu ba zai kai mu kaka ba sai da abin da suke aikowa.

Sannu a hankali masu kallo suka fara raguwa. Yau wannan ta ce ɗanta ba lafiya, gobe waccan ta ce barci take ji. Na ce a raina shi ke nan, sun gane. Suna can suna cewa Allah sarki, ciwon uwarta ne ya kamo ta. Ni kuwa da a tausaya mini gara a zage ni.

Ranar da ba wadda ta leƙo ko ɗaya, na ja mayafi na nufi gidan mahauci. Matar ɗana ta biyo ni da tocila. Tun daga zaure na ji dariyarsu. Ashe duk suna nan, sun zagaye wani ɗan ƙaramin tele da mahauci ya kawo, mai akwatin kama tashoshi na wani kamfani daban.

Ban gama sallama ba idona ya sauka a ƙasan hoton. Baƙaƙe ga su nan tsaye, kowanne da ƙafarsa. Labarin tsadar albasa ne a wata kasuwa. Na karanta shi da ƙarfi daga farko har ƙarshe ina tsaye a bakin ƙofa, kamar wadda aljanu suka hau.

Matar mahauci ta miƙe tana gyara ɗaurin zane. "Yaya, shigo mana. Wallahi ba gudunki muka yi ba."

"Ku faɗa mini gaskiya. Telena kuna gani sosai?"

Sai wata daga baya ta ce, "To, ya ɗan yi duhu."

"Ɗan duhu!" in ji matar mahauci. "Ai ni mai labaran nan da murya kawai nake gane shi."

"Shi ne na tambaye ki kika ce ras?"

"Haba Yaya. A shiga ɗakinki, a hau tabarmarki, a ci gyaɗarki, sannan a buɗe baki a ce kayanki ya lalace? Wace uwa ta haife ni?"

"Uwar da ba ta koya miki gaskiya ba! Na ɗauka makancewa nake yi, ke!"

Ɗakin ya ɗauki salati. Sai na ji shessheƙa a bayana. Matar ɗana ce. Ta ce ranar da na tafi Dungu tana goge akwatin telenmu, sai allon ya yi shuɗi, wani rubutun Faransanci ya fito, ya mutu ya tashi da kansa, hoto ya dawo haka. Ta ɗauka ita ta ɓata, tsoro ya hana ta faɗa.

Matar mahauci ta ce ba laifin yarinyar ba ne. Gidan wanta a Kance ma haka nasu ya koma, da duk mai irin akwatin. Kamfanin ne ke aiko wa akwatunan sabon tsari ta iska, wai shi mizajur, ko ka so ko ka ƙi.

Nan take na sa aka buga mini lambarsu. Wata yarinya ta ɗauka da Faransanci, na ce ta yi mini Hausa.

"Hajiya, gyara ne aka yi. An ƙara wa hoton kyau."

"Ban je Makka ba tukuna, kuma ba a ƙara masa kyau ba. Wa ya ce ku gyara abin da bai lalace ba?"

"Ki kashe ki kunna."

"'Yar nan, in kashewa da kunnawa na gyara abu, da yanzu ya fi madubi. Ku mayar mini da shi yadda yake."

Ta ce ba a mayarwa, sai dai in kai akwatin shagonsu na Damagaram a duba. Na ce zan zo, ta gaya musu su tanadi kujera don ba tsaye zan yi maganar ba.

Mata suka fashe da dariya, ni ma na yi. Na zauna, aka turo mini faifan aya. Nauyin da ke ƙirjina ya sauka, har na ji yunwa.

Amma hannu ya riga ya saba. Ina kallo, ban san lokacin da tafina ya hau ya rufe idon dama ba. Sai rubutun nan mai kyau ya narke. Na sauke hannu, ya dawo. Na rufe na hagu, garau. Na sake rufe na dama, hazo, kamar an shafa wa gilashi man shanu. A telena ban taɓa bambancewa ba, don can ko da wane ido ka duba hazo ne. Ba wadda ta lura.

Na san wani zai ce ai kamfanin alheri ya yi mini, tunda shi ya sa na gano. Wanda ya tura ka rijiya, don ka tsinci guga a ciki ba za ka ce masa na gode ba.

Barci bai zo ba. Da na idar da sallar asuba na zare wayoyin akwatin, na naɗe shi a tsohon zane. Na tashi matar ɗana.

"Sa hijabinki, za ki raka ni Damagaram."

"Shagon tele, Inna?"

"Shi ma za mu je. Amma an ce in likita ya ɗiga wa mutum magani ba ya gani sosai sai an jima, ina son wanda zai riƙe mini hannu."

Ta dube ni, ta ɗauko hijabinta. Muka fita zuwa tasha, akwati a hammatata. Da na shiga mota na taɓa kafaɗar direba na ce in mun isa, wurin likitan ido zai fara sauke mu.