Ranar da Jirgin Kano Ya Tafi da Ɗana

Mu a Azare ba mu da jirgin ƙasa, ba mu taɓa samu ba. Mota muka sani, ita kuwa ba ta tashi sai ta cika. Ki je tasha da safe, ki ɗora gyale a kan kujera, ki nuna wa ɗan kamasho wurinki, ki shiga kasuwa ki gama cefane ki dawo, tana nan. Ko dogayen bas ɗin da gwamnati ta kawo zamanin soja, waɗanda aka rubuta musu lokacin tashi a allo, ba su daɗe suna bin allon ba. Su ma suka koma jiran cika.

Shekarar da maigidana ya sami aiki a Kano, ya aiko in taho da yaro, ɗan wata huɗu. Ni kuwa hanyar Kano tsoro take ba ni. Na sha ganin motocin da ake jawowa daga can, kai ka ce gwangwani aka taka. Ana cikin haka rediyo ya fara cewa an farfaɗo da jirgin fasinja tsakanin Nguru da Kano, har da sababbin taragu. Da na je Katagum wurin surukata, wadda za ta raka ni, sai na ce, “Inna, tunda Malam Madori ba nisa daga nan, mu bi jirgi mana.”

Ta ce, “Ke dai da tsoro, 'yar nan. Abin da ya kawo ki daga Azare fa, jaki ne?”

Amma ta yarda, don ita ma ba ta taɓa ganin jirgin ba.

Da yake ɗan fari ne, ba na riƙe shi a gaban Inna. Ita ke goya shi. In ya yi kuka ta miƙo min, in juya baya in ba shi nono, in mayar mata. Haka muka bi ta Haɗeja, muka kwana gidan ƙanwarta, da sassafe muna tashar jirgi. An ce ƙarfe tara zai iso. Tara ta wuce, sha biyu ta wuce, muna ƙarƙashin kwano zafi na dafa mu, ƙuda na bin idon yaro ina kora daga nesa da bakin gyale. Sai bayan azahar ya shigo. A raina na ce, ashe shi ma irin motocinmu ne, maganar lokaci a baki kawai take.

Muna zama yaro ya ɓata tsummansa, ya kuma fara kukan yunwa. Na duba taragonmu, rabin kujerun ba kowa. Na leƙa na gaba, haka.

“Inna, bari in ɗauraye wannan a famfo, ai da sauransa kafin ya cika.”

“Yi maza ki zo ki ba shi.”

Na ɗora gyalena a kan kujera na sauka. Ina durƙushe a bakin famfo na ji an busa usur. Ban ko ɗaga kai ba, ai direbobinmu ma haka suke danna ham don a taru. Har da na ga jirgin ya fara motsi ban ruɗe ba, su ma sukan ja gaba kaɗan su dawo, don fasinja ya yi sauri. Sai da na ga tarago na ƙarshe ya wuce tankin ruwa, Inna ta zuro kai ta taga tana ɗaga hannu, sannan na zuba a guje. Takalmina ɗaya ya cire. Ina ihu a tsaya, masu tallar rake na kallona. Na bi layin dogo har duwatsu suka fasa min ƙafa.

Wani ma'aikacin tasha mai jar tuta a hammata ya tare ni. Daga Hausarsa na gane mutumin kudancin Bauchi ne.

“Uwargida, lafiya? Kaya kika bari a ciki?”

“Yaron Inna ne a ciki.”

“Innar fa?”

“Tana ciki.”

“To ai shi ke nan, yana hannun mai shi.”

Sai da ya ga gaban rigata ya jiƙe, ga tsumma a hannuna yana ɗiga, sannan ya kawar da kai ya ce, “Ayya. Naki ne?” Na sunkuyar da kai.

Na ce, “Malam, bai fa cika ba. Na ajiye gyale.”

Ya ce, “Wannan ko mutum ɗaya ne a ciki tafiya zai yi. Daga ina kike?”

“Azare.”

“Haba, 'yar jiharmu! Ke da ba ku da ko ƙarfen dogo ɗaya a garinku, me ya sa ba ki tambaya ba?”

Wa zan tambaya? Rediyon da ya yi mako yana yabon taragu bai taɓa cewa kada a sauka ba.

Ya shiga ofis ya yi ta murɗa waya yana ihu a cikinta, har aka amsa. Ya ce ya bar saƙo a tashar da jirgin zai tsaya nan gaba, a sauke tsohuwa mai jariri. Ya raka ni bakin titi ya sa ni a akori-kura mai zuwa can.

Mu shida ne a ciki. Direba yana kwance a benci yana sakace.

“Direba, don Allah mu tafi, jariri ne ba ya cin komai sai nono.”

“Hajiya, saura mutum takwas.”

Wata mata ta ce, “Ka ji tsoron Allah, ka ga halin da take ciki.” Ya tashi, ya tayar da mota, ya ja gaba kaɗan, ya dawo, ya kashe. Wallahi da ina da ƙarfi da na mare shi. Nono ya cika ya yi tauri kamar dutse, zazzaɓi na neman kama ni. Duk wanda ya gifta da kaya sai in ce, “Malam, ba ka zuwa?” Ni na koma ɗan kamasho. Sai bayan la'asar muka tashi, kuma duk ƙauyen da muka zo sai an tsaya an sauke buhu.

Na tarar da Inna zaune a gindin maina a bayan tasha, ta haɗa kayanmu wuri ɗaya. Yaro na cinyarta ba ya motsi. Na kai hannu cikinsa, na ji shi tim, yana numfashi, barci yake.

“Inna, me ya ci?”

“Me zai ci? Ya yi kuka har ya shiɗe. Wata baiwar Allah mai goyon 'ya mace ta karɓe shi ta ba shi. Sau biyu ma.”

“Ina take?”

“Ta wuce da jirgi mana. Ita ai tana da hankali, ba ta sauka wanki ba.”

Nan take abin ya faɗo min. Duk ƙarancin karatuna na san wadda ka sha nonon uwarta ƙanwarka ce, ba aure tsakani.

“Inna, sunanta? 'Yar wane gari ce?”

“Yaro na shiɗewa zan tsaya tambayar asali? Doguwa ce dai, baƙa, da tsage biyu a kunci.”

Iyakar abin da na samu ke nan. Na yi ta tambaya a Kano, duk wanda na ji ya ce daga wajen Nguru yake. Maigidana har ya gaji ya ce in bar wa Allah. Yau yaron nan ya yi gemu, kuma sau biyu yana kawo maganar yarinya. Kowace sai na aika a tambayo min uwarta ko ta taɓa shiga jirgin Kano da goyo. Ɗaya ta yi dariya. Ɗayar ta aiko a ce min ita ba ta tuna ba, kuma an ce min doguwa ce.