Kafson da ke aljihun teburin Malam

Shin Malam ya san ni ce nake ɗibar maganin nan, ko bai sani ba? Shekara goma sha ɗaya ke nan da muka binne mijina a Gwantu, har yau ban sami amsa ba. Ban yi boko ba, 'yata Ladi ce ke rubuta mini wannan, ina faɗa ina share hawaye.

Mijin nawa, Malam, hedimasta ne a firamare. Idan asibiti ta ba ɗalibinsa kafso saboda tari ko ciwon ƙirji, yakan karɓa ya ajiye a aljihun teburinsa. Kullum yaro ya zo ya haɗiya a gabansa, na yamma kuma Malam ya bi shi da shi gida a kan keke, har maganin ya ƙare. Iyaye mata sukan tare ni bayan sujada a coci: “Maman Ladi, yaro ya warke tun shekaranjiya. Mijinki kasuwa zai kai sauran? Ƙanin yaron ma yana tari.”

Na ga gaskiyarsu. Ranar Juma'a yakan kwaso magungunan ya dawo da su gida cikin jaka, ni kuwa in zari biyu ko uku in miƙa wa maƙwabciya. A zatona alheri nake yi. Bai taɓa tambayata ba.

Yanzu jikata Rifkatu, 'yar aji huɗu, tana kwance a asibiti a Kafanchan. Magani iri biyu ta sha, tarin bai ko motsa ba. Likita ta auna kakinta, ta ce ƙwayar cutar ta saba da maganin. Wai yara na yawo da ita a hanci da maƙogwaro ko suna lafiya, suna ba juna a aji, kuma shan magani rabi-rabi na cikin abin da ke ƙara mata ƙarfi. Na sunkuyar da kai.

Da Malam yana nan ya ga yadda ake sayen kafso biyu a kemis kamar alewa, ban san me zai ce ba. Ba mai faɗa ba ne. Keke zai ɗauka.

An fara wa Rifkatu magani na uku. Ni na karɓi zama a gefen gadonta, kuma ba zan tashi ba sai an ba ta kafso na ƙarshe.

Safiyar da Malam ya rasu, ina riƙe da hannunsa, wani yaro ya yi tari a bayan katanga. Ya buɗe ido ya ce, “Saratu, ɗan wa ke nan? Bar ni, je ki duba shi.”