Tsumman Anti Glenys

Shekara arba'in da ɗoriya ina kaɗa ganga a ƙungiyarmu ta kiɗan Turawa da ake kira rok, kuma in aka tambaye ni wa ya riƙe mu har muka kawo yau, ba Vic nake ambata ba, ko da yake shi ne mawaƙinmu mai jita, shi ne kuma hotonsa ke jikin rigunan da muke sayarwa. Glenys Harbottle nake ambata, wadda muke kira Anti.

A masaƙar auduga ta garinmu, Burnley da ke Ingila, ta yi ƙuruciyarta. Ƙarar injuna ba ta barin a ji magana a can, don haka matan wurin da leɓe da hannu suke hira, har gulmar manaja sukan yi yana tsaye. Da aka rufe masaƙar, mu kuma muna samari masu gashi har kafaɗa mun addabi unguwa da kiɗa, sai ta kama dafa mana shayi da sayar da rigunanmu a bakin ƙofar wurin wasa. Kiɗanmu bai taɓa burge ta ba. Cewa take injin saƙa ya fi mu daɗin ji, kuma shi ko ba komai yadi yake fitarwa. Makaɗa sun zo sun tafi, mun yi faɗa mun watse mun dawo, ita tana nan da butarta da farin tsumman goge kofi a kafaɗa.

Ina haura sittin kunnena ya fara mutuwa. Makaɗin da ba ya jin 'yan'uwansa kuwa tasa ta ƙare, ni kuma ban iya komai ba sai ganga. Na yi shiru da bakina. Vic ya fara hararata a kan dandamali in na riga su ko na yi baya, har labari ya iso ni cewa ana neman wani matashi. Na tsorata ƙwarai.

Wata rana tana zuba min shayi ta motsa baki, na ce e, a ƙara madara. Ta dire butar.

"Kai Clive, ban fa fitar da murya ba. Bakina kake karantawa, kurman banza. Tun yaushe?"

Na roƙe ta ta rufa min asiri. Ta ce ta ga waɗanda suka fi ni kurumta a masaƙa, kuma ba wadda aka kora. Daga ranar ta koma tsayawa a gefen dandamali inda zan gan ta, tana kaɗa tsumman nan daidai da tafiyar waƙa, in za a tsaya ta dunƙule shi. Ashe matar da ta raina kiɗanmu ta haddace shi kaf. Ba a ƙara zancen matashi ba.

'Yan kallo na sahun gaba suka hango ta, suka ɗauka wata al'ada ce ta ƙungiya. Kafin shekara ta zagayo kowa na zuwa da tsummansa daga kicin. Glenys ta ce mutanen nan ba su da aikin yi, amma ta fara sayar da tsumma tare da riguna.

Bara ta rasu, gab da wasanmu a filin shaƙatawa na gari. Na hau dandamali da la'asar ana yayyafi, na dubi gefe ba kowa. Na riga na yanke cewa in na ɓata kiɗa, a ranar zan ajiye sandunan kiɗa. Na ga Vic ya fara jita, amma ba abin da nake ji sai gunji. Sai ya matso, ya juyo da fuskarsa sosai don in ga bakinsa.

"Dubi gabanka, tsoho. Ka zaci makaho ne ni duk shekarun nan?"

Na ɗaga kai. Filin ya yi fari fat da tsummoki, suna hawa suna sauka tare, yadda ta koya musu ba su sani ba. Su na bi har ƙarshen wasa, ina kaɗawa ina hawaye, ban kuskure ba. Da aka tashi na juya gefen da take tsayawa na ce mata na gode, da leɓe kawai, yadda ta fi ganewa.