Babu Wuta a Jirgin Gangara

Ina da ra'ayi a kan jirgin gangara, kuma ban ɗauko shi a bakin kowa ba. Sa'ad da mishan suka tura ni kwas ɗin malanta a Ingila, ina saurayi, na hau shi a wani gari na bakin teku. Ƙaramin jirgin ƙasa ne marar rufi, a kan dogon da aka ɗaga bisa ƙarafa. Sarƙa tana jan shi a hankali har ƙololuwa, sa'an nan a sake shi. Mutane suna zaton daɗinsa yana cikin faɗowar. Kuskure ne. Yana cikin hawan, lokacin da kake jin ƙarar sarƙa ƙarƙashinka, ka kuma san cewa babu sauka. Kujerar baya ta fi ta gaba, domin ita ake fizga. Lilon da ke juya mutum wuri ɗaya kuwa ba na lissafa shi: jiri yake kawowa, jiri kuma ciwo ne, ba tsoro ba.

Na riga na yi ritaya ina zaune a Barnawa, cikin Kaduna, lokacin da sojoji suka koma bariki, aka shiga mulkin farar hula. A shekarun nan ne wani ɗan kasuwa ya buɗe wurin wasa a gefen unguwar Television, har da jirgin gangara. Na tsaya bayan shinge na duba shi da kyau. Tsoho ne, an sake masa fenti, bai kai rabin wanda na sani ba, amma na gaske ne. Na ƙudurta zan hau shi kafin ƙafafuna su ƙi ni.

Mutum biyu na faɗa wa. Matata, wadda ta yi aikin jinya har ta gama, kuma take auna mini hawan jini kowace safiya, ba ta hana ni ba. Rigata ma ta goge mini. Na biyun shi ne abokina, ɗan ajinmu tun makarantar mishan, dattijo a ikkilisiyarmu, wanda gidansa ke kusa da wurin. Ya yi dariya ya ce, "Malam, da furfurarka?" Amma ya yi alkawari zai zauna kusa da ni.

An koya mana cewa magidanci ba ya fita kamar ɓarawo: yakan sanar da iyalinsa inda za shi tun jiya. Haka na yi. Muka isa, mai kula da injin, wani magidanci daga Filato, ya rusuna ya ce, "Baba, sai haƙuri, babu wuta."

"Janareta fa?"

"Babu man dizal, Baba."

Wanene a Kaduna zai yi musun wannan? Na koma gida. Na sake sanarwa, na sake zuwa, na sake jin maganar nan, har rani ya ƙare. Na ɗora laifin duka a kan sabon zamani. A taron zumuntar maza na miƙe tsaye na ce ƙasar da ta kasa tura jirgin wasa kan tudu ba za ta tura kome ko'ina ba. Abokina yana zaune a gaba, yana gyaɗa kai, yana cewa, "Gaskiya ne, Malam."

Wata Asabar na tafi Kakau duba gonar wani tsohon ɗalibina, na tarar ya yi tafiya, sai na juyo da wuri. Ina wucewa ta gefen shingen, tagar mota a buɗe, na ji sarƙar. Ba na mance ƙararta. Na faka, na shiga. Jirgin yana ƙololuwa, ya gangaro cike da yara, a kujerar baya kuma ga abokina tsakanin jikokinsa, hula a hannu, baki a buɗe.

Na jira shi a bakin matakala. Da ya gan ni, sai ya sa hular a karkace.

"Malam, ashe ba Kakau ka tafi ba?"

"Yaya kujerar baya, Dattijo?"

Ya dubi takalminsa. "Ta fi ta gaba. Gaskiyarka."

Mai injin ya kai hannu zai kashe, ya ga aikin banza ne, ya janye. "Baba, Mama ce ta roƙe mu," in ji shi. "Dattijo yakan zo tun da safe ya gaya mana kana tafe. Ta ce in ka hau ka faɗi, alhakin yana wuyanmu."

Na waiwaya. Mai sayar da tikiti ta sunkuyar da kai, masu gugguru sun daina ciniki. Duk sun san ni, duk sun sha kallona ina tahowa cikin gogaggiyar riga. Ba wanda zai hana ni hawa a ranar. Amma ban yarda in zama abin kallo a kan abin da na girmama shekara da shekaru ba. Na fita.

Na sami matata a tsakar gida tana tsince acca. Ta saurare ni har na gama, ba ta ɗaga kai ba.

"Maigida, da na faɗa maka kai tsaye, da ka ji?"

"Da ban ji ba."

"To." Ta hure ƙaiƙayi. "Gara ka yi fushi da ni kana zaune a kujerar nan. Abincinka yana kan tebur."

Ban ce tsoronta ba shi da dalili ba. Amma da ta tsaya gabana ta hana ni, da mun yi gardama irin ta mutum biyu masu hankali. Ita kuwa ta zagaye ni yadda ake zagaye yaro mai kukan alewa, ta kuma ɗauki abokina aiki. Har yau muna gaisawa da shi a ƙofar majami'a, da hannu kawai.

Na bari damina ta wuce domin idon mutane ya sauka daga kaina. Sa'an nan, karo na farko a rayuwar aurena, na fita ban ce ga inda za ni ba. Ciyawa ta kai gwiwa ƙarƙashin dogon. Mai injin yana zaune a kan benci, ya miƙe ya ce, "Baba, babu wuta."

Na zagaya baya, na tura ƙofar ɗakin janareta da kaina. Babu kome ciki sai tabon baƙin mai a kan siminti; ashe an sayar da janaretan tun watan jiya. Na daɗe ina duban tabon, mutumin yana tsaye a bayana, yana jira in gaskata shi.