Shafukan da mai tsire ya cinye wa Yaya Habu

Ko ku yarda ko kar ku yarda, akwai mutumin da ya yi shekara talatin yana rigima da Turawa a kan ƙarshen littafinsu, alhali bai taɓa karanta ƙarshen ba. Yayana ne, Habu. Yau shekara bakwai da rasuwarsa, Allah ya jiƙansa.

Littafin labarin wata tsohuwa ne mai ba da hayar ɗaki da ɗan hayarta, an rubuta shi bayan yaƙin duniya. A Kano Yaya ya saye shi kafin ya zo Manchester, kuma shafukan ƙarshe babu, wai mai tsire ya naɗe nama da su. Sai ya ƙirƙiro nasa ƙarshen: ɗan hayar ya dawo.

Da aka mayar da littafin fim, ɗan haya ya hau jirgin ƙasa bai waiwayo ba. Yaya ya ce darakta bai iya karatu ba. Da aka yi shi a dandamali nan Birmingham na saya mana tikiti don in kunyata shi. Labule na sauka ya ce da ƙarfi, "Su ma fim suka kwafa." Wata Baturiya a gabanmu ta juyo, na ce ban san shi ba.

Duk wata nakan taso daga unguwarmu Sparkhill a nan Birmingham har unguwarsu Levenshulme a Manchester don musun nan kawai. Na ce zan sayo cikakke, ya ce in na shigo da shi ba ni ba tuwon gidansa.

Bana sun sake yin sa a talabijin. Na kalla ni kaɗai, ina jiran wanda zai zagi allon, shiru. Da yana nan da ya rubuta wa council, wato hukumar gari, takardar ƙorafi. Na sayi cikakken, yana nan a leda, na kasa buɗewa. In na karanta na ci musun, kuma wa zan faɗa wa?

Makon jiya na kai wa matarsa, Hajiya Ladi, na ce ta duba mini kawai, ɗan hayar ya dawo? Ta kalle ni sama da ƙasa.

"Kai dai ba ka da wayo tun kana yaro. Cikakken yana ƙarƙashin gadonsa tun kafin ka yi gemu. Da ya ce ka yi gaskiya, me zai riƙa kawo ka gidan nan, tuwona?"