Badamasi Mai Fito da Labarin Gada

Badamasi mai fito yana da wata 'yar ɗabi'a. Duk ɗan takarar majalisar jiha da ya shiga jirginsa, sai sun kai inda ruwa ya fi zurfi, sannan ya tsame filafili ya ɗora a cinya, ya bar jirgin yana lilo, ya ce, "Ranka ya daɗe, ina labarin gada?" Daga nan sai ya karkata kai ya kasa kunne, kamar mai sauraron tafsiri.

Mashiginsa yana Tungar Gawo, cikin ƙasar Bagudo, a kan wani rafi da ke gangarawa Kogin Kwara. Rafin ba shi da faɗin a zo a gani, amma wata takwas a shekara ba ya ƙetaruwa da ƙafa. Masu zuwa kasuwar Lolo daga tungayen hayi, da masu shigowa daga ƙasar Benin da garin rogo da manja, duk sai sun bi ta hannun Badamasi. Ubansa ya yi fito a wurin, kakansa ma ya yi.

Mutanen tunga sun ɗauka tsohon ya gaji da tuƙi, shi ya sa yake marmarin gada. Matarsa Sabuwa kaɗai ta san zancen, don ya taɓa faɗa mata suna cin tuwo: "Gado da gada ba su zama rafi ɗaya. Ran da wagga ta zo, wancan ya tashi." Abin da yake nema a bakin ɗan takara shi ne ya gane wanda ya fi nisa da cika alkawari, ya ba shi ƙuri'a, ya kuma yi masa talla cikin jirgi. Kuma Allah ya ba shi kunne.

A zaɓen 1999, Alhaji Muktar, wani dillalin shinkafa, shi ya fara amsa tambayar. Ya miƙe tsaye cikin jirgi har ya kusa kifar da su, ya ce gadar za ta kasance mai fitilu, tirela biyu su gifta juna a kai ba su gogu ba. Badamasi ya duba rafin, ya duba hanyar jakuna da ta iso bakinsa, hankalinsa ya kwanta. Wata guda ya yi yana gaya wa fasinja cewa Alhaji mutumin kirki ne. Alhaji ya ci, ya sake ci, shekara takwas. Abin da ya iso mashigi shi ne allon kwangila, wanda iska ta kayar, Sabuwa ta rufe akurkin kaji da shi.

A 2007 wani tsohon hedimasta, Malam Bunyaminu, ya rantse har da hawaye cewa kafin damina ta faɗi an gama. Bai ce wace damina ba, Badamasi kuma bai tambaya ba. Ya ci, bayan shekara guda kotun zaɓe ta sauke shi ta ɗora abokin takararsa. Badamasi ya ɗan shiga damuwa, don bai auna wannan ba. Da aka ce masa ai shi gada biyu ya yi alkawari, ɗaya ta mutane ɗaya ta shanu, sai ya yi hamdala.

A 2011 Alhaji Muktar ya dawo cikin wata jam'iyyar, da wata hular, da tsohuwar gadarsa. Wannan karon ya ƙara himma, ya zo da makaɗa aka aza harsashi. Dutsen harsashin yana da faɗi da santsi, matan tunga sun daɗe suna yi masa addu'a, don ba su taɓa samun wurin bugun wanki kamarsa ba. Alhaji ya sake yin takwas ɗinsa lafiya, Badamasi ya sake wa jirgi kwalta sau biyu.

Ana cikin haka 2019 ta zo, wani siririn mutum mai suna Saifuddeen, tsohon malamin gona, ya shigo jirgi shi kaɗai da 'yar jakarsa. Ba maroƙi, ba mai riƙa masa takalmi. Suka kai zurfi, Badamasi ya tsame filafili ya yi tambayarsa.

"Baba, ɗan majalisa ba ya gina gada," in ji Saifuddeen. "Nawa in rubuta, in kai, in yi ta bi. In an ba mu, to. In ba a ba mu ba, in zo in gaya muku."

Badamasi ya jira rantsuwa, ba ta zo ba. Sai ma mutumin ya ce, "Ara mini gorarka." Ya karɓi gorar tuƙi ya caka cikin ruwa, ya zaro, ya auna da kamu, ya fito da ɗan littafi ya rubuta. "Ƙasan nan laka ce ko tsakuwa?"

"Laka," in ji Badamasi da sauri. "Laka har inda ba a sani ba."

"Ikon Allah. Ni kuwa na ji kamar dutse ta taɓa."

Ranar Badamasi bai iya cinye tuwonsa ba. Sabuwa ta ce, "Malam, lafiya?"

"Ina lafiya? Wanga yaro ko rantsuwa bai yi ba."

Washegari ya shiga yaƙi. Duk jirgin da ya cika, sai ya fara: mutum ba alkawari, ba makaɗi, ba ko hula ta kirki, mi za a yi da shi a majalisa? Ku dubi Alhaji Muktar, shekara ashirin yana zancen gadar nan bai gaji ba, ai an san mai kishi. Fasinja suna gyaɗa kai. Badamasi ya ga aiki yana kyau, ya ƙara murya.

Abin da bai sani ba, matan da ke kai kaya Lolo sun daɗe suna nasu nazarin. Wata mai sayar da busasshen kifi, Hussaina, ita ta faɗa a bakin dutsen wanki: duk wanda Baba Badamasi ya yaba, gada ba ta zuwa, yau ga wanda ya kushe, me zai hana a gwada? Zancen ya bi tungaye kamar wutar kara. Ran zaɓe, Badamasi da kansa ya yi ta jigilar su zuwa rumfa, sahu bayan sahu, yana tuna musu inda za su dangwala, suna cewa, "Mun ji, Baba."

Da aka ƙirga akwatin Tungar Gawo, Alhaji Muktar ya sami ƙuri'a bakwai. Badamasi ya koma gida yana lissafin su wa da wa.

"Da ni da ke biyu," ya ce wa Sabuwa. "Saura biyar."

Sabuwa ta ci gaba da tankaɗe.

"Ke, na ce da ni da ke biyu."

"Malam, saura shida," ta ce. "Shekara talatin ina jiƙa zane cikin jirginka."

Bai yi mata magana ba har kwana biyu, sai dai tuwo bai ƙi ba.

Shekara uku shiru, Badamasi ya fara sakin jiki, yana cewa ashe yaron ɗan halas ne kamar na baya. Sai ga masu awo da ƙarafunansu. Sai ga tifa. Tun da babu hanyar ƙetarar da siminti da leburori sai jirgi, Badamasi aka ɗauka, kuma bai taɓa samun aiki irin na wannan shekarar ba. Yana tuƙi yana huci, amma buhu ko ɗaya bai jiƙe a hannunsa ba. Injiniya ya taɓa ce masa, "Baba, ka fi kowa ƙwazo a aikin nan." Ya ce, "Haka Allah ya so ni."

Saifuddeen ya sake cin zaɓen 2023, bayan shekara aka buɗe gada. Ba ta da fitilu, mota ɗaya take ɗauka, sai a yi haƙuri da juna. Ran buki aka sa wa Badamasi babbar riga aka zaunar da shi a kujerar gaba. Honarabul Saifuddeen ya karɓi lasifika ya ce akwai dattijo guda da ya shekara ashirin da biyar bai bar ɗan takara ya ƙetare rafin nan ba sai ya tuna masa da gada. Saboda haka jama'a sun yarda a kira ta Gadar Badamasi. Aka yi tafi. Sabuwa ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta suna rawa. Aka miƙa wa Badamasi lasifika, ya karɓa, sannan ya ce, "Allah ya isar mana." Aka ce amin, don an ɗauka addu'a ce.

Daga ranar fito ya tsaya. Badamasi ya jawo jirgi tudu, ƙarƙashin gawo, ya kife shi, ya ce zai sake masa katakon ciki gaba ɗaya. Masu wucewa ta kan gada da babur sukan tsaya su ce, "Baba, gyaran na mi ne kuma?"

"Siminti aikin ɗan Adam ne," yakan ce. "Ruwa kuwa ba a zaɓe shi ba."

Yana aikin a hankali, katako ɗaya a mako, wani makon ba ko ɗaya. In an yi ruwa mai ƙarfi, sai ya tafi bakin rafi ya tsaya yana duban ginshiƙan, ya dawo ya ɗauki guduma da ɗan kuzari. Ya rasu bayan kaka, yana da katako uku da bai buga ba. Suna nan jingine da gawon, ƙusoshin cikin gwangwani a gindinsa. 'Ya'yansa sun so su ƙarasa su sayar da jirgin, Sabuwa ta ce a bar shi tukuna, agwagwarta tana kwanci a ƙarƙashi.