Yaya Nura da 'yan shuɗinsa, bayan shekara huɗu

Shekara huɗu ke nan da rasuwar yayana Nura, amma har yau idan hayaƙin janareto ya haɗu da ƙanshin shayin citta, sai in ga kaina a tsakar gidanmu na Birnin Gwari, ranar da ƙungiyarmu ta faɗi.

Na ce ƙungiyarmu, alhali ba mu taɓa taka garinsu ba. Ƙwallon Amurka suke bugawa, wadda ake runguma a ƙirji a ruga da ita. Yaya ya koyi kallonta ne a Kaduna lokacin da yake koyon gyaran waya, ya dawo gida da son wasu masu shuɗiyar riga. Abokansa na majalisa sun sha yi masa tsiya. Inna kuwa cewa take yi ba ta ga dalilin da ƙarti za su kifa kwano a ka su yi ta kokawa a kan ƙwai ɗaya ba.

A shekarar ne muka baro Kakangi bayan 'yan bindiga sun shiga ƙauyenmu. Na fito lafiya, sai dai na daina zuwa makaranta. Ko ƙarar babur na ji daga nesa, sai in ruga ɗaki in ɓuya. Inna ta yi lallashi, ta yi faɗa, ta gaji. Yaya bai yi ko ɗaya ba. Zaunar da ni ya yi ya koya mini wasan, sannan ya ɗaura mini sharaɗi: duk makon da 'yan shuɗi suka ci, zan je makaranta makon gaba. Na yarda ne don na ɗauka ba za su daɗe suna ci ba.

Lokacin an katse layin waya a yankinmu, ba mai iya kallon komai kai tsaye. Baba Iliya, direban da ke bin ayarin motoci zuwa Kaduna, shi ke sa a tura mana wasan a memori ya kawo. Doka ɗaya Yaya ya kafa masa, kada ya kuskura ya faɗi sakamako. Saboda haka wasan da duniya ta gama da shi tun farkon mako, mu sai Asabar da la'asar yake zame mana sabo.

Suka yi ta ci. Mako ya bi mako, ni kuma ina ta saka hijabin makaranta ina ƙunƙuni. Ranakun da suka faɗi ba su da yawa, kuma ko a nan Yaya yakan ce alƙali ne ya yi maguɗi, don haka ba a ƙirga wannan. Kafin kakar ta ƙare na saba da hanya, na yi ƙawaye, har Inna ta fara tambaya ko yaron nan mai jefa musu ƙwallo da ya ji rauni ya warke.

Sai aka zo zagayen da duk wanda ya faɗi ya koma gida. Sun yi gaba tun farko, muna ta murna, Yaya na tsalle har ya kifar da kofin shayinsa. Dab da tashi mai jifan ya wurga ƙwallo ta faɗa hannun abokan hamayya. Shi ke nan. Na ga ƙattin nan zaune a ƙasa sun cire kwanon suna kuka, na taya su.

Da ya kashe janareto na ce, "Yaya, to yanzu sharaɗi ya warware ke nan?"

Ya ce, "Ya warware, Auta. Litinin ta zama taki, ki yi yadda kika so da ita."

Na je. Bayan watanni kaɗan zazzaɓi ya kwantar da shi, Allah ya karɓi abinsa.

Yau layi ya dawo, motoci na bin hanya, kowane yaro na ganin sakamako a tafin hannunsa kafin 'yan wasa su gama share gumi. Na tabbata da Yaya yana nan, da ya yi murna da zaman lafiyar da ake samu, ya kuma yi mitar cewa an kashe daɗin jira. 'Yan shuɗi ba su ɗauki kofin ba har yanzu. Ba na jin hakan zai dame shi. Zai fi son ya ji cewa ina jami'a, kuma ni kaɗai nake shiga mota in ratsa dajin nan, gabana na faɗuwa amma ina tafiya. Abin da ya bar mini ke nan, kuma ba na shakkar zai kai ni inda na nufa.

A hutun da ya wuce na dace da motar Baba Iliya. Muna tafe ya ce mini ai a makon wasan ƙarshen nan Yaya da kansa ya karya dokarsa, ya tare shi a tasha ya tambayi sakamako. Da ya ji, ya daɗe zaune a kan benci. Baba ya ba shi shawarar ya gaya mini cewa memorin ya lalace, ko ya sake saka wani tsohon wasa da suka ci, tunda ba zan gane ba. Yaya ya girgiza kai, ya ce yarinyar ta riga ta iya hanya da kanta, ita ce kawai ba ta sani ba.